Lakar Jazira da Hausawan Hasahisa

Garin Hasahisa yana bakin yamma na kogin nan da Larabawan Sudan ke kira Bahar Azraƙ, watau Shuɗin Nilu, daura da garin Rufa'a, a kan hanyar da ta tashi daga Hartum zuwa Wad Madani. Ƙasar da ke bayansa ita ce Jazira. Fili ne shimfiɗaɗɗe tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, ba tudu ba kwari, sai baƙar laka iyakar ganin ido. A cikin wannan fili akwai ƙauyuka da unguwanni inda yaro ke tashi da Hausa a bakinsa, ko da yake kakansa ma bai taɓa ganin ganuwar Kano ba. Mutanen nan Musulmi ne, kusan dukansu, amma harshe ɗaya suke yi da mai karatu, kuma tarihin zamansu a can yana ɗaure da halin ƙasar da suka tarar.

Tun da daɗewa Hausawa da Fulani da Barebari suna ratsa Sudan a ƙafa, za su Makka. Tafiyar takan ɗauki shekaru, gama mutum yakan tsaya ya yi noma ko ƙodago ya sami guzuri, sa'an nan ya ci gaba. Waɗansu ba su ƙarasa ba, waɗansu kuwa sun je sun komo amma ba su iso gida ba. Babbar ƙaura ta zo bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja sauran har bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, daga baya suka kafa garin Maiwurno kusa da Sannar. Mutanen ƙasar suka haɗa su duka da suna ɗaya, Fallata ko Takari, ba ruwansu da wane ne Bahaushe wane ne Bafulatani.

Ba su daɗe da zama ba sai Jazira ta sake kama. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman auduga mai dogon zare, gwamnatin Sudan kuma tana neman kuɗin shiga. A 1911 aka gwada noman auduga da famfon ban ruwa a Tayiba kusa da Wad Madani, gwajin ya yi kyau. Sai aka shiga gina madatsar ruwa a Makwar, dab da Sannar. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsai da aikin, ba a gama ba sai 1925. Tsawon madatsar ya kai kilomita 3. Daga nan aka haƙa babbar magudana ta nufi arewa, ta rarrabu zuwa ƙanana, har ruwa ya kai gonaki faddan 300,000. Faddan ɗaya ya ɗara eka da kaɗan. Bayan da aka ƙara yankin Manaƙil daga 1958, filin ya wuce faddan miliyan 2. Injinan gurzar auduga aka kafa a wurare kaɗan, Hasahisa na cikinsu.

Ga abin da ya kamata a tsaya a kai. Dubban kilomitoci na magudanun nan ba a shafe su da siminti ba. Rami ne kawai aka haƙa a cikin ƙasa, aka tara ƙasar a gefe ta zama ganuwa. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a jigawa ya san abin da zai faru in aka yi haka a can: kafin ruwa ya kai ƙarshen lambu rairayi ya shanye rabinsa. A Jazira kuwa ruwa yana tafiya fiye da kilomita 100 a kan ƙasa tsirara, abin da ke zurarewa ƙasa bai taka kara ya karya ba. Ba a bukaci famfo ba kuma, gama filin yana gangarowa a hankali daga kudu zuwa arewa, wajen santimita 15 a kowace kilomita. Da a ce sai an yi wa magudanun siminti, da kuɗin ya fi ƙarfin gwamnatin wancan zamani, da ba a yi aikin ba, da kuma Hausawa da yawa sun wuce gaba. Injiniyoyin sun ga ƙasar tana riƙe ruwa, sun dogara ga wannan. Amma cikakken dalilin da ya sa take riƙewa bai fito fili ba sai bayan an gama madatsar.

Dalilin yana cikin wata tsohuwar magana, cewa kowane abu an yi shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Wani Bahelene, Dimokiritus, ya faɗi haka wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu. Malaman tauhidi na Musulunci a Basra da Bagadaza su ma sun yi ta muhawara a kan jauharin da ba ya rabuwa. Amma duk wannan tunani ne, ba awo. Awo ya soma da mutane irin su Robert Boyle, wanda a 1662 ya nuna cewa in aka matse iska a cikin rabin wurin da take, ƙarfin turinta yakan ninka. Boyle mai bi ne na ƙwarai, ya kashe dukiyarsa wajen juya Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan da ba su da shi, bai kuwa ga saɓani tsakanin wannan da binciken halitta ba. A 1738 Daniel Bernoulli ya bayyana cewa turin nan ba kome ba ne illa ƙwayoyin iska da ke ta dukan bangon abin da aka rufe su a ciki. A 1808 John Dalton, wani malamin makaranta a Mancesta, ya fitar da littafin da ya ce kowane sinadari yana da irin tasa ƙwayar zarra mai nauyinta. Abin sha'awa ne cewa birnin da Dalton ya zauna shi ne wanda daga baya kasuwarsa ta sa aka shuka auduga a Jazira.

Duk da haka masana da yawa sun ƙi yarda, tun da ba wanda ya ga ƙwayar da idonsa. A 1827 Robert Brown, masanin tsirrai, ya duba 'yan ɓurɓushi a cikin ruwa da madubin girmama abu, ya ga suna ta rawa ba tsayawa, bai san abin da ke kaɗa su ba. Sai 1905 Albert Einstein ya lissafta cewa ƙwayoyin ruwa ne ke bugunsu ta kowane gefe, Jean Perrin na Faransa kuma ya tabbatar da lissafin da awo a 1908. Watau a shekarun da jama'ar Mai Wurno ke neman wurin zama a bakin Nilu, a shekarun ne aka rufe wannan gardama a Turai.

Abin da aka tabbatar ba shi da wuyar faɗi. A cikin abu daskararre, kamar dutse ko busasshiyar laka, ƙwayoyin suna manne da juna, kowace tana wurinta, sai 'yar makyarkyata da take yi. Shi ya sa abin ke riƙe siffarsa. A cikin abu mai malala, kamar ruwa ko mai, suna nan kusa da juna amma suna zamewa a kan juna, don haka ruwa yakan ɗauki siffar ƙwarya ko tulu, ya kuma bi gangare ko da kaɗan ne. A cikin iska da tururi kuwa sun rabu, kowace tana gudu ita kaɗai da babban fili tsakaninsu. Zafi shi ne motsin ƙwayoyin. In ya ƙaru sai daskararre ya narke, mai malala ya zama tururi. Kwano ɗaya na ruwa in ya tafasa ya ƙare yakan zama tururi mai cika kwano wajen 1,700, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙaru ba. Tazara ce kawai ta buɗe.

To, lakar Jazira fa? Asalinta ba daga nan ba ne. Duwatsun Habasha, waɗanda aman wuta ya kafa, su ne ruwan sama ya riƙa ci, kogi ya kwaso garinsu ya shimfiɗa a filin shekaru dubbai da suka wuce, sa'ad da ambaliyarsa ta fi ta yanzu faɗi. J. D. Tothill ya ba da hujjar wannan a 1946, daga ɓawon dodon koɗi na ruwa da ya tarar a cikin ƙasar. Fiye da rabin ƙasar laka ce zalla. Ƙwayar rairayi ana iya ganinta, dunƙulalliya ce, kuma tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ƙofar da ruwa zai bi. Ƙwayar laka kuwa sai an jera 500 ko fiye kafin su kai milimita ɗaya, kuma ba dunƙulalliya ba ce. A 1933 masana uku a Jamus, Hofmann da Endell da Wilm, suka haska irin wannan laka da hasken eksire, suka gane cewa kowace ƙwaya falle-falle ce kamar takardun littafi, kaurin falle ɗaya wajen kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Suka ga kuma cewa ƙwayoyin ruwa suna kutsawa tsakanin falle da falle, su jeru a can, su tura fallayen su buɗe. In ruwan ya fita sai su sake rufewa.

Wannan shi ne asirin Jazira. Da rani, daga Maris zuwa Yuni, rana takan zare ruwan da ke tsakanin fallayen, ƙasa ta tsuke, ta dare. Tsagar takan yi faɗin da hannu zai shiga, ta yi zurfin da ya kusa mita, ƙasar kuma ta yi tauri har fartanya ta yi tsalle a kanta. Sa'ad da aka sako ruwa, ba ya ratsa jikin ƙasar yadda yake ratsa rairayi. Tsagogin yake bi ya gangara, ya jiƙa ta daga ciki. Nan da nan laka ta kumbura, tsagogin su haɗe, ƙofa ta rufe. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, saura ya kwanta a sama. Gindin magudana kuwa, tun da kullum a jiƙe yake, kullum a rufe yake. Mahalicci ya riga ya yi wa filin shafen da ba a saya ba. Mutanen Barno sun san 'yar'uwar wannan ƙasa a bakin Tafkin Cadi, ita ce firki, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye.

Wanda ya fi kowa sanin halin lakar nan da jikinsa shi ne ɗan ƙodago, kuma Hausawa da sauran mutanen yamma suna cikin waɗanda suka ɗauki wannan kaya. An raba filin gona-gona, kowace faddan 10, ana kiranta hawasha. An ba masu ƙasa da mutanen ƙauyukan wurin, aka kuma yanka rabon riba: kashi 40 cikin 100 na manomi, 35 na gwamnati, 25 na kamfanin Ingila da ke gudanar da aikin. Amma mai hawasha ba ya iya shuka da noma da tsinkar auduga shi kaɗai. Sai baƙi suka shigo. Su ne masu tsayawa cikin taɓo har gwiwa suna buɗe bakin ƙaramar magudana, wadda ake kira abu ishirin, suna tura ruwa kunya kunya kusan kowane kwana 14. Sun san cewa in aka shiga gona tana da danshi da yawa ƙasa za ta like wa ƙafa kamar danƙo, in aka makara kwana kaɗan ta zama dutse. Sun san ruwan fari bayan rani yana ɓacewa cikin tsaga da sauri, na biyu kuwa yana kwanciya. Ba su ji labarin fallayen Hofmann ba, amma lokacin da suka zaɓa don kowane aiki ya yi daidai da shi.

A farkon shekarun 1930 farashin auduga ya faɗi a duniya, cututtuka biyu kuma suka kama shukar, manoma da yawa suka yar da hawasharsu. Mutanen yamma suka karɓi waɗansu, suka riƙe aikin a lokacin da masu shi suka gudu. Sakayyar da suka samu ba ta yi daɗi ba. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda kakanninsa ke ƙasar kafin 1898, jama'ar da ta iso bayan Burmi kuwa ta makara da 'yan shekaru. A 1950 gwamnati ta karɓi aikin daga kamfani ta kafa Hukumar Jazira mai hedkwata a Barakat, Sudan ta sami mulkin kai a 1956, amma yawancin baƙin suka ci gaba da zama 'yan ƙodago da masu noman raba-daidai. Da yawa suna zaune a sansanonin gefen magudana da ake kira kambo, ba takardar fili, ba famfo, ruwan magudana suke sha. A nan ne tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suka yi gida.

Ƙanƙantar ƙwayar da ta riƙe ruwa ita ce kuma ta zama masifar aikin. Da damina Shuɗin Nilu yakan sauko daga Habasha ja wur, ɗauke da ƙasa. Rairayi mai nauyi ne, da zarar gudun ruwa ya ragu sai ya kwanta. Ƙwayoyin laka kuwa suna iya yin kwanaki suna yawo, gama ba su da nauyi, kuma mafi ƙanƙanta cikinsu ƙwayoyin ruwa na ta bugunsu, irin rawar da Brown ya gani. Sai ruwa ya tsaya cik na dogon lokaci suke sauka. Waɗanda suka tsara madatsar Sannar sun san da wannan, don haka akan bar ƙofofinta a buɗe lokacin da ambaliya ta fi kauri, a tare ruwa bayan ya soma washewa. Amma sun yi wani tsari kuma, na ajiye ruwa a ƙananan magudanu da dare, a ba gona da rana. Ruwan da ya kwana tsaye yakan sauke kayansa. Muddin ana ɗibar ruwa kaɗan ana kuma yashe magudanu a kan kari, abin bai fi ƙarfi ba.

Yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1929 ta ba Sudan mita kubik biliyan 4 kawai a shekara. Ta 1959 ta ɗaga shi zuwa biliyan 18.5, aka gama madatsar Rusairis a 1966, sai aka rage hutun ƙasa aka ƙara alkama da gyaɗa da dawa. Ƙarin shuka yana nufin ƙarin ruwa a watannin Yuli da Agusta, daidai lokacin da kogi ya fi datti. Daga shekarun 1970 kuɗin yashewa ya kasa, laka ta riƙa taruwa, ciyawa ta tsiro a kanta. Tafkin Sannar, wanda da fari yake ɗaukar mita kubik miliyan 930, ya rasa fiye da rabin cikinsa. Gonakin da ke bakin magudana suna samun ruwa har ya yi yawa, na wutsiya kuwa suna bushewa. Ba sai an faɗi wanda aka fi bari a wutsiya ba.

Akwai kuma ruwan da ba ƙasa ce ke sha ba, sama ce. A saman kowane ruwa akwai ƙwayoyin da suka fi sauran gudu, su ne ke ƙwacewa su shiga iska, ko da ruwan bai tafasa ba. A zafin Jazira buɗaɗɗen ruwa yakan rasa fiye da mita 2 na zurfinsa a shekara ta wannan hanya, alhali ruwan saman da ke sauka bai kai rabin mita ba. Hasara ce babba, amma a ƙofar gida albarka ce. Tun da masu gudu ne ke tafiya, waɗanda suka saura masu sanyin motsi ne, watau ruwan ya yi sanyi. Randar da Larabawan Sudan ke kira zir, wadda ake jerawa a bakin hanya domin matafiyi ya sha kyauta, da haka take aiki: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta kwashe shi, na ciki ya huce. Wuta ce ta kori ruwan da ke tsakanin fallayen yumɓun har abada, shi ya sa gasasshiyar tukunya ba ta komawa taɓo, ɗanya kuwa maginin tukwane yana iya rushe ta ya sake ginawa, kamar wanda Irmiya ya tarar a bakin aikinsa. A shekarun 1990 wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, domin ajiye tumatir da ganye. Dabarar ta bi tsohuwar hanyar alhazai ta isa Sudan, inda ake kiranta da sunan zir ɗin.

Iska ba ta zaɓen abin da za ta ɗauka. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka soma fesa wa audugar Jazira maganin ƙwari, DDT da farko, daga baya da jirgin sama, feshin kuma yana ƙaruwa shekara shekara. Ƙwarin suka saba, farin ƙuda ya yi yawa a ƙarshen shekarun 1970 har audugar ta riƙa danƙo, aka hana waɗansu magungunan, waɗansu suka lalace a ajiye. Babbar ma'ajiyarsu tana Hasahisa, garin da a da yake alfahari da injinan gurza da masaƙar da Sin ta gina masa a shekarun 1970. A shekarun 1980 aka binne tarin magungunan a can, har wurin ya sami suna makabartar magani. Wanda ya binne yana zaton abin da aka rufe da ƙasa ya tafi. Amma ƙasar nan tana darewa kowane rani. Zafi yana ba ƙwayoyin guba gudu, su tashi ta tsaga su bazu cikin iska, gama tururi ba ya tsayawa inda aka sa shi. Da damina ruwa ya bi tsagar ya wanke saura zuwa wani wuri, fallayen laka kuma su riƙe waɗansu shekara da shekaru. Maƙwabtan wurin sun daɗe suna kukan wari, masu bincike daga jami'o'in Sudan kuma sun auna ƙasar sun tarar da ragowar guba a cikinta.

Dokar Jazira ta 2005 ta sake wa manoma hannu su shuka abin da suka ga dama, auduga ta ja baya, injinan gurza da layin dogon cikin gonaki suka lalace ko aka sayar. A Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekara, Hasahisa ma ta shiga hannunsu, aka washe ma'ajiyoyi da injina, mutane suka watse. Soja sun komo da yankin a farkon 2025, a cikin wannan juyi kuma mazauna kambo sun sha kisa da ƙone-ƙone bisa zargin goyon bayan abokan gaba.  A can sama kuwa Habasha ta buɗe babbar madatsarta a kan Shuɗin Nilu a Satumba 2025, bayan aikin da aka fara a 2011. Tafkinta yana tsai da ruwa tsawon watanni, lakar da ta saba gangarowa tana kwanciya a can. Ruwan da zai riƙa isa Sannar zai fi na da haske, magudanun Hasahisa za su rage cikewa, amma masu yin jan bulo a bakin kogi, waɗanda kowace ambaliya ke kawo musu sabon taɓo, tuni suka fara ganin ramukansu ba sa cikowa.